Daga tuddan yashin Nijar zuwa fadamar Guri: Doguwar hanyar da makiyaya ke bi duk shekara

Da zarar an shiga watan Nuwamba, sanyi ya fara saukowa, mutanen Ƙaramar Hukumar Guri a Jihar Jigawa sukan fara duban arewa. Ƙura ce ke fara tasowa. Bayanta sai jajayen shanu masu dogayen ƙahonni, da tumakin Udawa masu launi biyu, da jakuna ɗauke da tabarmi da ƙore, wani lokaci har da raƙuma.

Ga manomin da shinkafarsa ba ta gama nuna ba, wannan ƙura fargaba ce. Ga makiyayin da ke bayan garke kuwa, alama ce ta an kusa ƙarshen tafiyar makonni, wadda wasunsu suka faro tun daga bakin hamadar Sahara a Jamhuriyar Nijar.

Ba kasafai ake jin sunan Guri da maƙwabciyarta Kirikasamma a labarai ba, sai an yi arangama tsakanin manoma da makiyaya, an rasa rayuka, an ƙona gidaje. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda garkunan suka fito, da yadda ake rayuwa a can, da dalilin da ya sa dole su sauko. A wurin makiyayi, hamada gidan damina ce, fadama gidan rani. In aka toshe masa ɗaya, ɗayan ba ya riƙe shi shekara.

Fadamar da ke kwance tsakanin tsofaffin tuddai

Guri tana arewa maso gabashin Jigawa, a Masarautar Haɗeja, tana iyaka da Jihar Yobe. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 110,000, da suka haɗa da Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani. Garuruwa irin su Kadira, Abunabo, Adiyani, Lafiya, Margadu da Musari duk ruwa ne ke juya rayuwarsu.

Ruwan daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Idan ya wuce garin Haɗeja, sai ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jerin tuddan yashi, ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu. Wani reshe ya bi mashigar Marma zuwa Tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyarsa. Can gaba wajen Gashuwa ruwan ke haɗuwa da na Kogin Jama'are, ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi.

Tuddan da ke tare ruwan su ma tarihi ne. Yashi ne da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta kai har nan. Ke nan fadamar Guri a kan tsohuwar hamada take kwance.

A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya. A 2008 aka ƙara da dajin Baturiya. Tsuntsaye daga Turai sukan zo cin rani a nan, kamar yadda shanu ke zuwa daga arewa.

Idan aka juya aka bi sawun garken

Wanda ke son ganin inda garkunan ke fitowa zai fita daga Guri ya nufi arewa, ta Birniwa ko ta Nguru. Tafiyar awa kaɗan ta isa ya ga ƙasa ta canza. Shinkafa ta ƙare, gero da wake sun karɓe ta. Bayan Machina ko Yusufari gonakin ma sai su fara sirancewa, aduwa da goriba su fi yawa.

Tun kafin a bar Najeriya ake haɗuwa da yashi na gaske. A Tulo-Tulowa da Bulatura, cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, akwai tuddai tsirara da iska ke matsar da su, a tsakaninsu kuma kwaruruka masu ruwa kusa da ƙasa, inda dabino da goriba ke tsaye kore shar. Daga irin waɗannan kwaruruka ake haƙo kanwa, wadda makiyayi ba ya rabuwa da ita.

An tsallaka iyaka ke nan sai ƙasar Manga ta Nijar: Gure a Jihar Damagaram, Gudumariya da Maine-Sorowa a Jihar Diffa. A miƙe, tsakanin Guri da Gure kimanin kilomita 140 ne. Zuwa Tasker, da ke arewa da Gure, nisan ya kusa ninka haka. Garken shanu mai maruƙa kuwa da wuya ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a yini, kuma ba kullum ake tashi ba.

Ruwan sama na raguwa yadda ake matsawa. Yankin Guri kan samu kimanin milimita 500 zuwa 600 a shekara, Gure wajen 300, Tasker ƙasa da 200. Tun a 1961 Nijar ta yi doka ta ja layi a taswira, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, ba ta noman damina ba.

Gaba da Tasker akwai duwatsun Termit da hamadar Tin Tumma, inda a 2012 aka keɓe gandun namun daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000. Nan ne mafakar ƙarshe ta farar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks. Shanu ba sa kaiwa can. Ƙasar raƙuma ce da awaki, ta Tubawa da Larabawa. Daga wannan yanki matan Tubawa kan haɗa ayarinsu su kaɗai, su ƙetara yashi zuwa Bilma domin tsinkar dabino, su dawo da guzurin shekara.

Ba hanya ba ce da ake shiga da ka. Babu kwalta, babu alama sai sawun da iska ke shafewa. Dole a samu ɗan ƙasa ya yi jagora, a riƙe ruwa fiye da yadda ake zaton za a buƙata. Tun daga 2015 kuma, da hare-haren Boko Haram suka shiga Jihar Diffa, akwai sassan da hukumomi suka taƙaita zirga-zirga a cikinsu.

Yini guda a mashekari

Baƙon da ya isa zangon makiyaya a wannan yanki, abu na farko da zai lura da shi shi ne ƙarancin kaya. A wurin Woɗaaɓe, waɗanda aka fi sani da Bororo, gida ba ya wuce gadon sanduna, da shirayin ƙaya a bayansa, da teburin da uwargida ke jera ƙorenta. A gaba akwai dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa. Bayan dangwali wurin mata ne, gabansa wurin shanu da maza. Komai na gidan ana iya ɗora shi a kan takarkari da jakuna cikin awa guda.

Ba a faɗa wa zango kai tsaye. Akan tsaya daga nesa a yi sallama, a jira a fito da tabarma. Gaisuwa doguwa ce: a tambayi mutane, a tambayi dabbobi, a tambayi ruwa da ciyawa. Sannan a kawo nono a ƙwarya, a ɗora shayi a kan garwashi, a sha zagaye uku. Baƙo mai hankali kan zo da ganyen shayi da sukari da goro. Ba ya tambayar yawan shanun mai gida, kuma ba ya matsa wa uwa ta faɗi sunan ɗanta na fari, domin akwai kunya a nan.

Aiki kan fara tun kafin gari ya waye. Akan saki ɗan maraƙi ya ɗan tsotsa, nono ya sauko, sannan a tatsa. Abin da aka tatsa shi ne karin kumallo, shi ne kuma kuɗin cefane. Mata ke kaɗa shi su fitar da man shanu, su kai kasuwa in akwai ta kusa, su sayo gero. Nama ba abincin kullum ba ne. Sai da suna, ko biki, ko babban baƙo ake yanka.

Da damina, tafkuna sun cika, rayuwa na da sauƙi. Da suka ƙafe, komai ya koma kan rijiya. Akwai mai gaba 15, akwai mai gaba 30 da ɗoriya. Ba hannu ke jan wasaki ba: raƙumi ne ko takarkari ko jakuna ake ɗaura wa igiya, yaro ya kora su nesa, guga ya fito, a juye a kwami, a dawo. Haka za a yi ta yi tun safe har rana ta take, kafin garke ɗaya ya ƙoshi.

Rijiya na da doka. Wanda ya haƙa shi ke da fifiko, shi ke tsara layi, shi ke faɗin kwana nawa baƙo zai yi. Amma ba a hana mai ƙishirwa sha, mutum ne ko dabba, domin mai rijiya ya san wata shekara shi ne baƙo a rijiyar wani. Ta hanyar ƙayyade masu shan ruwa ne kuma ake kare ciyawar da ke kewaye.

A tsakiyar rani akan shayar da shanu sau ɗaya a kwana biyu. Raƙumi kan yi mako ko fiye a lokacin sanyi bai sha ba. Wannan bambanci shi ke raba wanda zai iya zama a arewa da wanda dole ya sauko.

Kafin a tashi daga zango, akan tura gogaggen mutum a kan raƙumi ko doki ya dubo gaba. Fulani na kiransa garso. Zai duba irin ciyawar, da ko an riga an cinye ta, da ko akwai cuta a garkunan da ke wurin, da halin mutanen da za a tarar. A yau wayar salula ta rage masa tafiya, amma dattawa ba sa tayar da gida sai wanda suka yarda da idonsa ya gani.

Akwai kuma wata al'ada da ke hana mutum faɗuwa ƙasa warwas. Idan fari ko cuta ta cinye garken wani, ɗan'uwa ko aboki kan ba shi aron karsana, ta zauna wurinsa har ta haihu sau biyu ko uku. 'Ya'yan nasa ne, uwar ta koma gida. Sunan wannan haɓɓanaye, kuma saniyar aro ta fi ta gida samun kulawa.

Me ya sa ba sa zama wuri ɗaya?

Tambayar da manomi a Guri kan yi ke nan, kuma tana da amsa.

Da damina, fadama ba wurin shanu ba ce. Ruwa ya mamaye ta, sauro da ƙudan cizo sun yi yawa, ga ciwon hanta da dabbobi ke ɗauka a ruwan kwance, ga gonaki ko'ina a kan tudu. A daidai lokacin ne arewa ke yin kore. Ciyawar da ke fitowa a yashi, irin su ƙarangiya tun tana ɗanya, gajera ce amma ta fi ta kudu gina jiki. A kanta shanu ke yin ƙiba, su ɗauki ciki, nono ya wadata. A can ne kuma suke lasar kanwa da gishiri. A arewacin Nijar wannan shi ne tushen bikin shan gishiri na Ingal, da ake yi a watan Satumba.

Sai dai wannan ni'ima ta wata uku ce. Daga Oktoba tafkuna sun fara ƙafewa, ciyawa ta bushe. Abin da ya tsiro ya tsiro, ba ƙari sai baɗi, kuma gobarar daji ɗaya na iya lashe na yanki guda a dare ɗaya.

A nan fadama ke shigowa. Ruwan da aka yi a Kano da Bauchi da Filato cikin Agusta ba ya gama isowa Guri sai Satumba zuwa Oktoba. Daga Nuwamba yake fara janyewa, yana barin ɗanyar ciyawa irin su burgu a bayansa. Lokacin da arewa ta bushe ƙurmus, a lokacin ne Guri ke da ruwa da kore. A faɗin ɗaruruwan kilomita, wurare irin wannan ba su da yawa.

Damina a bakin hamada kuma ba ta da alƙawari. Bana a yi ruwa a nan, baɗi a yi shi kilomita 50 gaba. Wanda ya kafe wuri ɗaya da garkensa zai rasa shi a shekarar farko da ruwa ya tsallake shi. An ga haka a farin 1973 da na 1984, wanda a Nijar ake kira El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Iyalai da dama da suka tsira da wani abu su ne waɗanda suka tashi da wuri suka yi kudu.

Tsohuwar yarjejeniyar kara da taki

A da, saukowar garke ba abin tsoro ba ne kamar yanzu. Ardo kan aiko wa bulama ko dagaci kafin a iso. Akan jira a gama girbi, a kwashe amfanin gona, sannan a saki gonaki. Manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har ya haɗa masa da damin gero. Matan ruga su kawo nono, su koma da hatsi.

A cikin fadama ma akwai jeri. Ruwa na sama, masunta ke da shi. Yana janyewa, mai shinkafa ya girbe. Bayansa makiyayi ya shigo. Ƙasa ɗaya tana ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa. Ɓarna kan faru, amma akwai wanda za a kai wa ƙara, kuma kowa ya san wanda ya yi, tunda iyalai ɗaya ne ke dawowa wuri ɗaya shekara da shekaru.

Abin da ya rikita lissafin

Na farko ruwan kansa ne. A 1974 aka kammala Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka kammala na Challawa. Ruwan da ke malala a fadama, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000, ya faɗi ƙasa da 1,000 a wasu shekarun 1980, da fari ya haɗu da dam.

Bayan raguwa, yanayin zuwan ruwan ma ya canza. Kogin da a da yake cika da damina ya bushe da rani, ya koma mai gudana kaɗan-kaɗan duk shekara saboda sakin da ake yi daga dam. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wasu wurare a gefen Marma sun nutse dindindin, wasu rassan kuma sun bushe. Dabba ba ta samun abin kirki a tsohuwar kacala, manomi ba ya noma a cikinta, sai tsuntsayen jan-baki da ke kwana ciki su fito su cinye shinkafa. Manomi da makiyayi duka sun yi asarar fili, suka matsu a ɗan abin da ya rage.

Masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun yi lissafi a farkon shekarun 1990 suka gano cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba, a kan wanda aka tare domin aikin noman rani na Kogin Kano. Noma da su da itacen wuta kawai suka ƙirga. Kiwo bai ma shiga lissafin ba.

Na biyu shi ne injin ban-ruwa. Hana shigo da alkama a 1987, da shirin Fadama na Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, sun baza ƙananan injuna a bakin kogi. Wurin da a da yake zama fili bayan girbi, yanzu akwai alkama da shinkafar rani da tattasai da albasa da kankana har zuwa bazara. A Nuwambar 2023 ma a yankin Haɗeja Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama na ƙasa. Arziki ne ga manomi, kuma ba mai cewa ya bari. Amma yawancin lambunan a bakin ruwa suke, daidai inda mashaya take.

Na uku, kara da harawa sun zama kuɗi. Manomi na da nasa dabbobin, yana da takin zamani, ba ya jiran na Bafulatani. Abin da a da kyauta ne, yanzu sai an saya.

Na huɗu, rikicin Boko Haram ya rufe wa makiyaya da yawa gaɓar Tafkin Chadi da ƙasan Kogin Yobe, inda suke cin rani. Wasu suka karkato yamma. Cikin masu zuwa Guri yanzu akwai waɗanda ba su san bulaman garin ba, shi ma bai san su ba. Wasu garkunan kuma na attajirai ne da ke zaune a birni, an damƙa su ga samari 'yan haya, ba dattijo a tare da su.

Sai kuma sa'a. A shekarar da ambaliya ta yi yawa, kamar 2020 da 2022, ruwa kan daɗe bai janye ba, girbi ya yi jinkiri. Tafkunan arewa kuwa ba sa jira. Garke ya iso a lokacinsa, ya tarar da shinkafa a tsaye, burtali a cikin ruwa ko an nome shi. Yawancin faɗan da ake yi a ƙarshen shekara a cikin waɗannan 'yan makonni yake aukuwa.

Kukan manomi gaskiya ne. Wanda ya ci bashi ya sayi iri da taki da man inji, aka shigar masa da shanu cikin dare, shekararsa ce ta tafi, wani lokaci har da ransa in ya fito kare gonar. Kukan makiyayi ma gaskiya ne. Wanda ya yi tafiyar wata guda ya tarar an shinge ruwa, ba ya iya gaya wa saniya ta haƙura. Idan an tashi ramuwa kuma, sau da yawa rugar da ta shekara 30 a wurin ake ƙonawa, mai laifin ya riga ya yi gaba.

Dokoki na nan a takarda

Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa. A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince a Abuja da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ta tanadi takardar shaida mai nuna yawan garke, da rigakafin da aka yi masa, da hanyar da zai bi. A 2010 Nijar ta yi dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A can, hukumomi kan sanar da ranar sakin gonaki a kowace shekara.

A Jigawa, zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, an shata burtaloli da makiyayu, an kafa famfunan da iska ke juyawa domin shayar da dabbobi, kuma jihar na da hukumar da ke kula da sha'anin manoma da makiyaya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo.

Ta fuskar iyaka kuwa, al'amura sun ƙara cakuɗewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance. Shanu dai ba su fasa saukowa ba. Abin da ya raunana shi ne hanyar da jami'an ɓangarorin biyu za su riƙa sanar da juna wa ke tafe, da yaushe, da kuma ta ina. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, da aka kafa tun 1971, tana nan, kuma irin wannan aiki nata ne.

Abin da hanyar ke nunawa

Masu cewa a killace dabbobi wuri ɗaya suna da hujja a inda ruwa da abinci suka wadata. A ƙasar da ke samun milimita 200, ba a ga abin da ya maye gurbin tafiya ba tukuna. Dabbobin da ke cika kasuwar Maigatari kowace Alhamis, a loda su zuwa Legas da Fatakwal, da yawansu a wannan hanya suka girma.

Abubuwan da za su rage zubar da jini a Guri sanannu ne. A san ranar sakin gonaki ta kowace shekara gwargwadon yadda ruwa ya janye, a isar da ita ga ardo-ardo tun suna Gure da Maine-Sorowa, ta rediyo da waya. A tanadi wuraren jira masu ruwa a kan tudu, arewa da fadama, inda garke zai iya yin mako biyu ko uku kafin a gama girbi. A bar hanyoyin zuwa mashaya a buɗe ko da an yi lambu a gefensu. A riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa da sanin na ƙasa, a ci gaba da yashe kacala. Wanda ya yi ɓarna ya biya da sauri a gaban kowa, wanda ya kashe rai a kai shi kotu, ko manomi ne ko makiyayi.

Babu ɗaya daga ciki da ya kai gina dam tsada. Abin da suke buƙata shi ne a fara su tun Satumba, lokacin da shinkafa ke cikin ruwa, shanu kuma suna can arewa suna lasar kanwa, kafin tafki na farko ya ƙafe.